Neman Aiki a Saudiyya: Takarda, Sana'a da Abin da Ke Saura a Aljihu

Duk wanda ya daɗe a Makka ko Jidda ya san irin saƙon da ke yawan shigowa wayarsa daga gida. Ƙane ne ko ɗan 'yar'uwa ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, ya zauna babu abin yi, yana roƙo a nema masa hanya ya zo ko shara ce ya yi. A cikin gidajenmu na nan kuma ga samarin da aka haifa a unguwannin Makka irin su Jarwal da Misfala da Shari'u Mansur, Larabci a bakinsu kamar na kowane ɗan Hijaz, su ma suna zaune suna jiran hanya. A ido matsalar tasu ɗaya ce, amma shawarar da za ta fitar da ɗaya tana iya jefa ɗayan a rami. Shi ya sa nake so mu warware yadda kasuwar aiki ta ƙasar nan ke tafiya yanzu, don mai niyyar zuwa da uban da ke da yara a nan su yi lissafi da abin da ke ƙasa, su daina lissafi da labarin shekara talatin baya.

Ƙidayar 2022 ta nuna mutum miliyan 32.2 ne a Saudiyya, 'yan ƙasa miliyan 18.8, baƙi miliyan 13.4. Cikin 'yan ƙasar, kusan kashi 63 cikin ɗari ba su kai shekara 30 ba. Wato gwamnati na da ɗimbin matasa masu neman aiki, ga tattalin arziki da aka gina a kan guminsu baƙi. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin 2030 na sauya tattalin arzikin ƙasar a watan Afrilun 2016, rashin aiki tsakanin 'yan ƙasa yana wajen kashi 12 cikin ɗari. Ya haura 15 a tsakiyar 2020 lokacin korona, sannan ya sauko zuwa 7 a ƙarshen 2024. Matan Saudiyya da ke aiki ko neman aiki sun tashi daga ƙasa da kashi 20 zuwa wajen 35. Wani ɓangare na wannan sauyi sababbin ayyuka ne suka kawo shi. Ɗaya ɓangaren kuwa kujeru ne da aka tashi baƙo a kai aka zaunar da ɗan ƙasa. Kuma kada a ɗauka su 'yan ƙasar a sauƙaƙe suke samu: a farkon 2022 da aka nemi mata 30 su koyi tuƙa jirgin ƙasa na Haramain tsakanin Makka da Madina, mata 28,000 ne suka nema.

Tsarin da ke juya wannan duka shi ne Niɗaƙat, wanda aka fara a 2011. Ana duba yawan 'yan ƙasa a cikin ma'aikatan kamfani a ba shi launi. Wanda ya faɗa ja, wato 'yan ƙasa sun yi masa kaɗan, ba ya samun sabuwar biza, ba ya iya sabunta izinin aikin baƙinsa, kuma ma'aikatansa na iya barinsa ba tare da yardarsa ba. Daga Afrilun 2021 ba a ƙirga ɗan ƙasa a matsayin cikakken mutum ɗaya a wannan lissafi sai albashinsa ya kai riyal 4,000. Bayan wannan akwai sana'o'in da aka ware ɗaya bayan ɗaya. A 2016 aka mayar da sayar da waya da gyaranta na 'yan ƙasa zalla. Ƙarshen 2017 aka rufe wa baƙi shagunan gwal, 2018 hayar mota, daga Satumbar shekarar kuma aka shiga shagunan tufafi, kayan ɗaki, agogo, tabarau, kayan lantarki, kayan gyaran mota da kayan gini, aka ce kashi 70 na masu sayarwa su zama 'yan ƙasa.

Ta waya ce ta fi taɓa yaranmu, domin ita ce sana'ar da yaro ke koya a hannun yayansa ba tare da makaranta ba. Akwai wani matashi a layinmu, haifaffen nan ne, da ya yi shekaru yana gyara a shago. Yanzu a ɗakin mahaifiyarsa yake yi: faranti ɗaya na ƙananan sukurori, fitilar tebur, abin narka dalma, da tsohon tawul da yake shimfiɗawa don kada ƙwayar sukur ta gangara ƙarƙashin gado. Masu kawo gyara ta WhatsApp suke nemansa, su miƙo waya ta ƙofa. Na tambaye shi me ya hana shi neman shago. Ya ce, "Kawu, hannuna ya iya, takardata ce ba ta iya ba." Idan aka kama shi yana aikin kansa, tarar farko riyal 10,000 ce tare da tarhil, wato kora, zuwa ƙasar da bai taɓa kwana a cikinta ba. Idan kuma ya buɗe shago da sunan wani ɗan ƙasa, ya shiga laifin tasattur, wanda hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5.

Maganar yaron nan ita ce zuciyar al'amarin. A Saudiyya takardar da ke aljihunka ce ke fara magana kafin iyawarka, kuma Hausawan ƙasar nan kashi uku ne a wannan fuska.

Akwai 'yan ƙasa, jikokin waɗanda suka zo da ƙafa ta Sudan suka ƙetaro teku tun kafin a san da fetur, masu laƙabin Hausawi da Fallata da Barnawi. Usama Hausawi, wanda ya riƙe kambun ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, daga cikinsu yake. Su duk ƙofofin da aka rufe wa baƙi dominsu aka rufe. Suna da shafin Jadarat na neman aiki, da asusun Hadaf da ke tallafa wa kamfani a albashinsu, da shirin Tamhir mai ba wanda ya gama jami'a horo a wurin aiki da alawus na riyal 3,000 a wata, da kwalejojin fasaha na gwamnati kyauta. An ma yanka musu mafi ƙarancin albashi a wasu sana'o'i kafin a ƙirga su a Niɗaƙat: akanta mai digiri 6,000, mai difloma 4,500, mai harhaɗa magunguna 7,000, injiniya 8,000, likitan haƙori 9,000. Ɗan da mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce shi ma ana ƙirga shi a matsayin ɗan ƙasa a wurin aiki, ko da igama, wato katin izinin zama na baƙo, yake riƙe da ita, kuma gidaje da yawa ba su amfani da wannan dama. Abin da ke damuna da wannan rukuni shi ne samarin da ke yarda a rubuta sunansu a kamfani, a riƙa ba su ɗan wani abu suna kwance a gida, don kamfanin ya gyara launinsa. Haramun ne a doka, kuma asarar yaron ta fi ta kowa. Ya wayi gari yana da shekara 30, takarda ta ce ya yi aiki, hannunsa bai san komai ba.

Rukuni na biyu su ne masu igama, kuma a nan ne yawancinmu muke. A kan kowace igama an rubuta mihna, wato sana'ar da aka shigo da kai ka yi. Wanda aka rubuta wa lebura aka same shi a teburin akanta ya karya doka, shi da mai kamfanin. Sannan baƙo yana da tsada kafin ya taɓa komai. Kamfani na biyan gwamnati riyal 700 ko 800 a wata a kan kowane ma'aikaci baƙo, wato har 9,600 a shekara, ga 650 na igama, ga 100 na izinin aiki, ga inshorar lafiya. Doka ta ɗora duk wannan a kan mai ɗaukar aiki, har da kuɗin ɗauko ma'aikacin daga ƙasarsa. Idan ka fahimci wannan ka fahimci dalilin da ya sa albashin baƙo marar sana'a ba ya motsi. Mai kamfani ya riga ya kashe sama da riyal 10,000 a kanka, don haka abin da zai ba ka sai ya matse. Ka kuma fahimci yaudarar da ake kira biza hurra, wadda ejan ke tallatawa a Kano da Zinder da cewa za ka zo ka yi aikin da ka ga dama. Babu irin wannan biza a dokar Saudiyya. Wani ne ya sayar maka da gurbin ma'aikacinsa, duk waɗancan kuɗaɗe su dawo kanka, ka ƙara masa da na wata-wata, kuma duk aikin da ka yi wa wani a waje laifi ne. Ranar da kuka saɓa, sai ya danna maka hurub daga wayarsa, wato ya kai rahoton cewa ka gudu daga aiki.

Mafi tausayi a wannan rukuni su ne mawalid, yaran da aka haifa a nan. Haihuwa a ƙasar ba ta ba da zama ɗan ƙasa, ta wajen uba ake gado. Tun Yulin 2017 aka sa kuɗi a kan iyalin ma'aikaci baƙo, aka fara da riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya kai 400 a Yulin 2020. Mai mata ɗaya da yara huɗu yana biyan 2,000 kowane wata, 24,000 a shekara, kafin haya da abinci. Gidaje nawa muka gani an raba, uwa da yara sun koma Kano ko Maraɗi, uba ya zauna shi kaɗai? Wanda ya daure ya riƙe yaransa kuma, ɗa namiji in ya kai shekara 25 dole ya fita daga igamar ubansa ya sami kamfanin da zai ɗauke shi. Jami'o'in gwamnati galibi ba sa ɗaukar ɗan baƙo sai ta ƴan guraben tallafin karatu, masu zaman kansu kuwa kuɗinsu ya fi ƙarfin direba ko tela. Da can Sudan ce mafita. Yara da yawa sun yi likitanci da injiniyanci a Khartum da Wad Madani suka dawo suka sami aiki. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya toshe wannan hanya, ya kuma turo ƙwararrun Sudan da yawa kasuwar nan suna neman irin aikin da yaranmu ke nema.

To ina mafita ga yaron da ke da igama, ba shi da kuɗin jami'a? A ganina sana'ar hannu ce mai takardar shaida, kuma a fara tun yana sakandare, kada a jira sai 25 ta ƙwanƙwasa ƙofa. Daga 2021 gwamnati ta fara jarrabawar tantance sana'a ga masu aikin lantarki, famfo, walda, kanikanci, gyaran na'urar sanyaya ɗaki da makamantansu. Akwai ta rubutu, akwai ta aiki a gaban mai dubawa. A Yulin 2025 kuma aka raba izinin aikin baƙi gida uku: manyan ƙwararru, ƙwararru, da na ƙasa, ana duba karatu, gogewa, albashi da shekaru. Alƙiblar a bayyane take. Wanda ya ce "na iya" ba tare da shaida ba, a matakin ƙasa za a ajiye shi. Akwai cibiyoyin horo masu zaman kansu a Makka da Jidda da ke ƙarƙashin kulawar hukumar koyar da fasaha da sana'o'i, kuma kuɗin kwas ɗin 'yan watanni bai kai abin da muke kashewa a biki ɗaya ba. Bambancin albashi kuwa a fili yake. Abin da aka saba gani, mai shara ko lebura a kamfani yana tsakanin riyal 800 da 1,200 da wurin kwana, ƙwararren mai lantarki ko mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yakan ninka wannan, in ya daɗe ya zama shugaban ma'aikata ya wuce haka. A garin da zafi ke haura digiri 45, ga otal-otal da ake ta ginawa don burin karɓar masu umara miliyan 30 a shekara, mai gyaran sanyi ba zai rasa mai nemansa ba. Kuma sana'a ce da in zama ya ƙare, za ta bi shi Kano ta ciyar da shi.

Wanda ke gida da digiri yana son zuwa, tambayar farko ita ce digirin mene ne. Idan na mulki ne ko kasuwanci ko ilimin zamantakewa, gaskiya mai ɗaci ita ce ayyukan ofis na kula da ma'aikata, sakatariya, karɓar baƙi da hulɗa da masu sayayya an ware su ga 'yan ƙasa. Akanta yana da sauran wuri amma yana ƙanƙancewa, daga kashi 30 na 'yan ƙasa a 2021 zuwa 40 a 2025, da shirin kai wa 70, kuma dole ya yi rajista da hukumar akantoci. Injiniya ba a ɗauko shi daga waje sai yana da gogewar shekara 5, sai ya yi rajista da majalisar injiniyoyi kafin a sabunta masa igama, kason 'yan ƙasa a fannin kuma an ɗaga shi zuwa 30.

Fannin lafiya ne ƙofar da ta fi faɗi, kuma mutanenmu sun gane haka. A Agustan 2021, ana tsakiyar yajin aikin likitoci a Najeriya, ɗaruruwan likitoci suka yi layi a Legas da Abuja don ganawa da masu ɗaukar aiki na Saudiyya. Amma hanyar tana da matakai, kuma babu wanda ake tsallakewa. Kamfanin DataFlow zai rubuta wa jami'arka da hukumar da ta ba ka lasisi da asibitin da ka yi aiki ya tabbatar da kowace takarda. Wanda aka kama da ta bogi ya rufe wa kansa ƙofa. Daga nan ka buɗe fayil a Mumaris Plus na hukumar kula da ƙwararrun lafiya, ka zauna jarrabawar Prometric ta fanninka, sannan a ba ka matsayi. Matsayin nan shi ne albashinka. Likita na gama-gari daban, na'ib (ƙwararre na tsakiya) daban, istishari (babban ƙwararre) daban, kuma wanda ya kammala ƙwarewarsa a kwalejin likitoci ta Afirka ta Yamma ko ta Najeriya kafin ya taso yana shigowa ta sama, inda albashi kan haura riyal 30,000. Wanda ya yi gaggawa ya zo da digirin farko kawai yakan daɗe a ƙasa, domin guraben horon ƙwarewa 'yan ƙasa ake fara ba wa. Shawarata ga matashin likita ita ce ya daure ya gama a gida.

Ko a cikin asibitin ma ba kowane ɗaki ne a buɗe ba. Daga Afrilun 2025 aka ɗaga kason 'yan ƙasa a asibitoci masu zaman kansu zuwa kashi 65 a ɗaukar hoto, 70 a ɗakin gwaje-gwaje, 80 a gashin ƙashi da tsara abincin marasa lafiya. Jinya ce har yanzu ke neman hannu, shi ya sa ɗakunan kwanciya suka cika da 'yan Filifin da Indiya. Yarinyar da ke zaɓen kwas a Kano ko Yamai da niyyar zuwa nan, jinya ko ungozoma za ta fi yi mata amfani a kan gwaje-gwaje. Ta kuma sani ba lallai a ajiye ta kusa da Harami ba. Sababbin zuwa sau da yawa Jazan ake tura su, ko Najran, ko Tabuk, ko Ar'ar can iyakar Iraƙi. Sannan albashi na bin fasfo. Nas biyu a ɗaki ɗaya, aiki ɗaya, ta Turai ta ninka ta Afirka. Babu dokar mafi ƙarancin albashi ta bai ɗaya ga baƙi, abin da ka sa wa hannu shi ne naka.

Aikin gida shi ne inda 'yan'uwanmu mata suka fi yawa, kuma inda aka fi cutar su. A Maris na 2021 aka sassauta tsarin kafala, wanda ke ɗaure ma'aikaci da wanda ya kawo shi: ma'aikacin kamfani na iya sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya ko in kwantiraginsa ya ƙare, ko in an hana shi albashin wata uku a jere, kuma yana iya neman bizar fita da kansa ta manhajar gwamnati ta Absher. Wannan sassauci bai haɗa da 'yan aikin gida, direbobin gida, makiyaya da masu aikin gona ba. Su dokarsu daban ce. Wadda ta fara aiki a Oktoban 2024 ta ce kada a ɗauki wadda ba ta kai shekara 21 ba, aiki kada ya wuce awa 10 a rana, a ba ta hutun kwana ɗaya a mako, da hutun wata ɗaya bayan shekara biyu, da albashin wata ɗaya na sallama bayan shekara huɗu. A takarda ya yi kyau. Amma gida ba kamfani ba ne, mai duba ma'aikata ba ya shiga kicin ɗin mutane. Albashin 'yan Afirka galibi riyal 800 zuwa 1,000 ne, alhali 'yar Filifin ta daɗe ba a ɗaukarta ƙasa da 1,500, saboda gwamnatinta ta tsaya ta yanka farashi.

Abin da ya kamata kowace uwa ta sani kafin ta miƙa 'yarta shi ne, mai gidan da ke nan ya riga ya biya dubban riyal ta shafin Musanid don a kawo masa 'yar aiki. Ejan ɗin da ya ce zai riƙa cire albashin wata shida ko shekara don "kuɗin jirgi" yana cin kuɗi sau biyu ne. Riƙe fasfon ma'aikaci kuma laifi ne a dokar ƙasar, ko da an mayar da shi al'ada. Idan wuya ta yi wuya yarinya ta gudu, sai a rubuta mata hurub, ta faɗo cikin unguwa wurin 'yan'uwa, daga ranar ta koma rukuni na uku.

Rukuni na ukun su ne marasa takarda, waɗanda a gida ake ce wa takari. A da hanya ce da ta riƙe dubban gidaje: a zo umara a zauna, a yi aikatau, a sayar da abinci, a tura keken tsofaffi, a yi wa alhazai dako, a gina gida a Kano. Wannan zamani ya wuce, kuma masu cewa bai wuce ba ba su suke gudu ba. Ka tsaya da yamma a hanyar da alhazai ke bi ka ga dattijuwa ta baza hijabai da turare a kan zane, hannunta ɗaya riƙe da kusurwoyin zanen, idonta a kan titi. Da an ce "baladiyya", wato ga jami'an hukumar gari nan, ta tattare ta shige lungu, abin da ya zube ya zube. Tun bayan wa'adin gyara takardu na 2013 da kamfen ɗin 2017, ma'aikatar cikin gida ke sanar da kama dubban mutane kowane mako, a kai su sansanin tsare mutane na Shumaisi tsakanin Makka da Jidda, a ɗauki hoton yatsa, a tasa ƙeyarsu. Layin waya sai da hoton yatsa, haya sai an yi rajista a shafin gwamnati na Ijar, asusun banki sai igama, kuma ciniki sai ƙara komawa kati yake yi. Daga ƙarshen 2021 aka rushe unguwanni da dama a Jidda, irin su Karantina, Sabil, Gulail da Kandara, inda talaka ke samun ɗaki mai araha ba a tambaye shi komai ba. A aikin hajjin 2025 tarar shiga ba izini ta kai riyal 20,000, ga haramcin dawowa na shekara 10. Yaran da aka haifa cikin wannan hali su ne abin kuka, babu makaranta, babu asibiti, babu ƙasar da ta rubuta sunansu. Wanda ke da irinsu ya je ofishin jakadancin ƙasarsa a Jidda ya nema musu takarda tun suna ƙanana.

Akwai jari ɗaya da muke da shi wanda ɗan Bangaladash da ɗan Masar ba su da shi, wato harshe. Najeriya kaɗai ta sami kujerun hajji 95,000 a 2023, ga Nijar, Ghana, Chadi da Kamaru, ga masu umara duk shekara. Tun 2020 ake fassara huɗubar Arfa da Hausa. Kamfanonin hidimar alhazai, otal-otal da asibitocin Mina suna buƙatar mai jin Hausa da Larabci, kuma akwai izinin aikin wucin gadi ta tsarin Ajir. Sai dai aikin lokaci ne, wata biyu ko uku, ba ya riƙe gida shi kaɗai. Yana zama sana'a ne in an haɗa shi da wani abu, kamar Turanci ko Faransanci, da sanin aikin otal, ko jinya, ko kwamfuta. Ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina da Ummul Ƙura su ma su sani igamar ɗalibi da karatu take ƙarewa.

Sai maganar lissafin albashi, inda mutane suka fi ruɗuwa. An ɗaure riyal da dala a kan 3.75 tun 1986, naira kuwa ta zube tun 2023, don haka riyal 1,000 in an juya ta sai ta cika ido. Kafin ka juya, ka tambaya: da wurin kwana ko babu? Da abinci? Wa ke biyan mota? Harajin kaya kashi 15 ne tun Yulin 2020. Albashin kamfani yakan zo kashi uku, na asali, alawus ɗin gida wanda aka saba sa shi rubu'in na asali, da na sufuri. Ba a cire harajin albashi, amma baƙo ba shi da fansho. Abin da kamfani ke biya masa a hukumar inshora kashi 2 ne na haɗarin aiki kawai. Fanshonka shi ne kuɗin sallama: rabin albashin wata kan kowace shekara a biyar ɗin farko, cikakken wata kan kowace shekara bayan nan. Mai albashin 3,000 da aka sallama bayan shekara 7 yana da 13,500. Idan shi ya ajiye aikin, kashi biyu cikin uku zai samu, wato 9,000, wanda ya ajiye kafin shekara biyu kuwa ba shi da komai. Aiki awa 8 ne a rana, 48 a mako, 6 a rana ga Musulmi a Ramadan, abin da ya ƙaru ana biyansa da ƙarin rabi. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana sa mutum aiki cikin rana daga 12 zuwa 3.

Duk wannan ba ya amfani sai abin da ke rubuce a kwantiragin da ke shafin Ƙiwa na ma'aikatar ƙwadago ya dace da abin da aka faɗa maka da baki. Kwantiragin zai shigo wayarka ka danna yarda ko ƙi. Mutane da yawa suna dannawa a tsaye a gaban mandub, wato wakilin kamfani, ba su karanta ba, daga baya su ga an rubuta 1,200 inda aka yi musu alkawarin 2,000. Ka nemi mai jin Larabci ya karanta maka layi-layi, ka duba mihna, ka duba tsawon wa'adi, ka nace a riƙa biyanka ta banki don ya zama akwai shaida. Idan an danne maka haƙƙi, ana fara kai ƙara ofishin sulhu na ma'aikatar ƙwadago, lambarsu 19911, suna da kwanakin aiki 21 su sasanta ku, in ya gagara a tura kotun ma'aikata. Wa'adin shigar da ƙara wata 12 ne daga ranar da aiki ya ƙare, kuma kada ka sa hannu a takardar da ke cewa ka karɓi dukkan haƙƙoƙinka sai kuɗin sun shiga asusunka.